Kwamfutarka Ba Ta da Aljanu, Malam

Akwai wata magana da ta fi kowace yawan shigowa shagona, kuma kullum da yamutsattsiyar fuska take zuwa: "Ya ƙi yi." Yaro zai sauko daga acaɓa rungume da laftof kamar mai kai jinjiri asibiti, ya dire ta a tebur, ya ce, "Malam, ya ƙi yi." In ce, "Mene ne ya ƙi yi?" Ya ce, "Komai ma." In ce, "To da ya ƙi, me ya ce maka?" Sai a fara sosa ƙeya. "Wani rubutu dai ya fito, mai tsawo. Na danna OK."

Kun ji fa. Majinyaci ya buɗe baki da kansa ya faɗi inda ke masa ciwo, an sa hannu an toshe bakin, sannan an ɗauko shi an kawo mini wai in yi duba.

Na san kuna nan, ku masu taɓe baki. Tun daga take na hango wasunku sun gyara zama a teburin mai shayi na Takur, ana cewa, "Ku ji wannan, ana fama da kuɗin taki shi yana zancen haɗa manhajar kwamfuta a Dutse." Shugabanku ma na san shi. Taubashina ne, Bamange daga Gumel, dillalin riɗi. Ranar da ya ji na buɗe shagon koyar da kwamfuta, takanas ya zo ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin tebur. Na ce me kake nema? Ya ce yana duba inda Bafulatani zai kama ya tatsa ne. Na bar shi ya ci wannan, don ba a san sarki da sa-in-sa da talakansa a gaban yara ba.

Abin da muke magana a kai ba siddabaru ba ne. Kafin tela ya ɗinka ko da aljihu, sai ya kafa keke, ya zura zare ta kowace kafa da aka tanada, ya cika kwarkwaro, ya daidaita allura. In ya tsallake kafa ɗaya ɗinki zai cukurkuɗe ta ƙasa, kuma ban taɓa jin telan da ya kira mai ruƙiyya saboda haka ba. Mai rubuta manhaja ma haka yake. Yana buƙatar inda zai yi rubutun, da tafintan da zai juya shi zuwa yaren da inji ke ji, da kayan da wasu suka riga suka ƙera, irin su maɓallai da tagogi, don kada ya fara daga kaɗin auduga, sai kuma injin da manhajar za ta hau in an gama. Haɗa waɗannan su san juna shi ne shirya wurin aiki. A abin da na gani, nan ne yaranmu suka fi zubar da makamai, tun ba su rubuta layi ɗaya ba.

Ga wani can ya ɗaga hannu, da waya a ciki. Na'am, samari? Wai zamanin manhajar tebur ya wuce, yanzu komai a waya yake. Madalla. Ranar da ka sake shiga babban kantin magani, leƙa bayan kanta ka ga abin da ake buga maka rasit da shi. Katin ɗaurin aurenka, in Allah ya sa an ba ka, a CorelDRAW za a tsara shi, a kan kwamfutar da ke zaune daram a tebur. Kai kanka ba da waya ka rubuta JAMB ba, tun 2015 a gaban kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Sannan ka ɗan fita gari, ka bi ta Kiyawa ka nufi Jahun, kana kallon sandunan sabis ɗin wayarka suna hawa suna sauka kamar ƙirjin mai barci. Mai shagon da ke can so yake a ƙirga masa kaya ko da intanet ko babu, kuma manhajar da ke zaune a cikin kwamfutarsa ce ke yi masa haka ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Ku kuma 'yan'uwa na Kano da kuke cewa Dutse garin ma'aikata ne, ranar Juma'a kowa ya kama hanya a bar duwatsu da dabino suna gadi, mun ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Amma jihar nan da aka yanka daga jikinku a 1991 ta fara rigimar kwamfuta tun ana mata dariya. Zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar kwamfuta ta Kazaure da kamfanin Galaxy, lokacin da yawancinmu ba mu taɓa riƙe wayar hannu ba. Jami'ar Tarayya ta zo Dutse a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a cikin gari. Wanda aka damƙa wa hukumar NITDA a 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. So nake ku ƙiyasta yawan laftof ɗin da ake buɗewa a garin nan kowane dare, da yawan waɗanda ake rufewa da tsaki.

Bari in nuna muku ɗaya kusa-kusa. Wani ɗan ajin ƙarshe aka ba shi aikin kammala karatu, manhajar ajiye bayanan ɗakin karatu, da yaren C#. Ya sayi datar dare, ya tashi sha biyu ya sauke Visual Studio na 2022. Mai girkawa ya buɗe masa shafi cike da akwatuna, kowanne da irin aikin da ake so: na yanar gizo, na waya, na wasanni, na tebur. Barci na fizgarsa, ya hango maɓallin girkawa a ƙasa, ya danna bai taɓa akwati ko ɗaya ba. An ma tambaye shi ko ya tabbata zai wuce hannu rabbana. Ya ce e.

Da safe ga Visual Studio ya zauna tsaf, sai sheƙi yake. Ya nemi Windows Forms, samfurin da ake fara manhaja mai tagogi da shi, babu. Ya cire ya sake girkawa, babu. Dare uku, data uku, kuma kowane karo yana tsallake shafin nan da saurin da ya tsallake shi da farko. Abokin ɗakinsa, wanda a duniya magani ɗaya ya sani, ya ce a yi fomatin. Kowace unguwa tana da irin wannan bokan. Firinta ta ƙi, fomatin. Sauti ya ɗauke, fomatin. Na tabbata in babur ɗinsa ya ƙi tashi sai ya nemi inda ake yi masa fomatin. Allah ya taimaki yaron, kuɗin fomatin ɗin ne babu, sai ya biyo ta wajena.

Shago ya gina bai zuba kaya ba. Visual Studio gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma ba ya cika maka ɗakin da ba ka nema ba, don kowane ɗaki giga ne masu yawa. Muka buɗe mai girkawar, muka danna Modify, muka sa alama a akwatin da aka rubuta wa .NET desktop development. Da abin ya gama sauka ya ga samfurin ya bayyana, sai ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ne kawai?" Na ce wannan ne kawai. Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi da wani babban abu ne da na fi jin daɗi."

Bai tsira ba tukuna, don samfurin tagwaye ne. Ɗaya an liƙa masa .NET Framework a wutsiya, shi ne tsohon gida, ya faro tun 2002 ya tsaya a zuriyar 4.8. Ɗayan ba wutsiya, shi ne sabon .NET da ake fitarwa duk watan Nuwamba. In bidiyon da kake bi wani Ba'indiye ne ya ɗauka shekara takwas da suka wuce, kai kuma ka zaɓi sabon, za ka yi ta neman abubuwa a inda ya nuna ba ka gani. Akwai kuma masu sauke Visual Studio Code mai shuɗin tambari suna zaton shi ne Visual Studio mai launin shunayya. An aike su Dutse sun sauka a Dutsin-Ma. Garin kirki ne, amma allon da ake jawo maɓalli a ajiye a taga ba ya can.

Alhaji, na ji ka, kana cewa duk wannan ƙona data ne kuma da kuɗinka ake yi. Gaskiyarka. Sai dai ka tambayi ɗan naka me ya sa su goma a gida ɗaya kowanne ke sauke abu ɗaya da kuɗin ubansa. Mai girkawar yana da umarnin da ake kira layout, wanda ke tattaro kayan a folda guda, a zuba a filashi, a bi kwamfutoci ana girkawa ba intanet. Adashin data ke nan. Kayan aikin kansu kuwa, Visual Studio Community da Python da NetBeans, kyauta ne ga ɗalibi. Wanda ya sayar wa ɗanka da "fasasshe" a faifai, ruwan rijiyar gidanku ya sayar masa, ya kuma ɗora masa ƙwayar cuta a matsayin gyara.

Mutanen Python, da ke yi wa na C# dariya wai kayansu sun yi nauyi, su ma da nasu akwatin. A shafin farko na mai girkawa, can ƙasa, akwai ɗan layin da ke tambaya ko a sa Python a PATH. In ka wuce shi, ka buɗe baƙar tagar umarni ka rubuta python, sai Windows ta ce ba ta san wannan suna ba, ko ta kwashe ka ta kai kantin manhajojinta. Nan ne ake rantsuwa cewa bai girku ba. Ya girku, yana zaune a foldarsa. PATH jerin kwatance ne kawai. Ka aiki yaro ya kira maka wani, ya duba unguwannin da ya sani, Fagoji, Yalwawa, Garu, ya dawo ya ce babu wannan mutum a garin. Mutumin kuwa yana Ɗanmasara yana shan fura, kai ne ba ka ba da kwatance ba. Ƙara gidan a jerin, sannan ka rufe baƙar tagar ka buɗe sabuwa, don tsohon ɗan aiken da tsohon kwatance ya fita.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai Python biyu. Ya girka ɗaya bara ya manta, ya girka wani bana. Ya sa pip, ɗan aiken da ke ɗauko wa Python kaya, ya kawo masa kaya, an ce an kawo, ya tayar da manhaja, an ce babu kayan. Ya rantse da idonsa ya ga sun sauka. Sun sauka mana. Cefane ka kai ɗakin uwargida, ka tafi ɗakin amarya kana jiran tuwo. Magidanta sun gane, ba sai na yi sharhi ba. Kowane aiki a yanka masa keɓaɓɓen ɗakinsa, wanda ake kira venv, da tukunyarsa da murhunsa, a zauna lafiya.

'Yan Java ba zan daɗe a kanku ba, kun saba da wahala har kun mai da ita ado. Ku dai sani tun fitowar Java 11 a 2018 aka raba JavaFX, kayan ƙera tagogi, da JDK, babban ƙunshin Java, sai an ɗauko shi daban. Littafin da ke hannunku ya girmi sakin, shi ya sa yake magana kamar har yanzu suna tare.

Sai ɗan gata, wanda ya ce duk wannan wahalar talauci ce, da MacBook ake aiki. Sannu da hutawa, ranka ya daɗe. Windows Forms da WPF a kan Windows kaɗai suke tashi, kuma Visual Studio na Mac an yi masa ritaya tun Agustan 2024. Na ga mai irin wannan kwamfutar yana roƙon aron tsohuwar laftof ɗin abokinsa mai ɗaure da salatif. Ba na musun cewa ƙarfin inji na da rana. Ram giga 4 da aka ce shi ne mafi ƙaranci ga Visual Studio, mafi ƙarancin ne da gaske: zai buɗe, amma kana iya zuwa la'asar ka dawo. Sai dai kafin ka sayar da akuyar gyatuma, cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ka sa SSD. In babu hali, Python da tkinter ba su raina kowace kwamfuta ba.

Yanzu bari in ba ku abin da kuke jira, don na san ba kwa yarda da mai wa'azin da bai taɓa zamewa ba. Akwai laftof ɗin da ta sa ni kaina na fara tunanin ko tsofaffi sun fi mu gaskiya. Ta hannu ce, an sayo wa wata yarinya daga Kano, tsaf da ita. Alamar sabis a cike, amma duk abin da muka ce ta sauko da shi sai ta ƙi. Pip ya ƙi, mai girka Visual Studio ya ƙi, burauza ma kowane shafi sai ta ce ba ta amince da shi ba. Na canza layi, na canza waya, na hau dakali ina ɗaga wayar sama kamar mai duban wata. Na zagi kamfanin sadarwa zagin da sai da na yi istigfari, bayin Allah ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kakar yarinyar ta aiko cewa dama kayan Turawan da suka mutu ake kwasowa a sayar mana, a yi mata hayaƙin habbatussauda. Ban faɗa wa kowa ba sai yau, amma a dare na biyu na ɗan yi mata tofi.

Rana ta uku yarinyar ta gaji da kallona. Ta matso ta karanta jan rubutun da ƙarfi, kalma-kalma, irin karatun 'yan aji uku. A ciki akwai inda aka ce takardar shaidar shafin lokacinta bai yi ba tukuna. Ta ce, "Malam, wai lokacinta bai yi ba. To ita yau nawa ga wata a wajenta?" Muka dubi kusurwar allo. Kwamfutar na zaune abinta a watan Janairun wata shekara da yarinyar ke firamare.

Duk shafin da ake shiga ta amintacciyar hanya yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar lasisin tuƙi. Kwamfuta kan dubi takardar ta dubi agogonta. In agogon ya ce ana shekara goma baya, to a wajenta an miƙo mata lasisin da ba a buga ba tukuna, kuma ta yi daidai da ta ƙi. Agogon kuwa wani ɗan batiri ne ke riƙe da shi a cikin inji, faɗinsa kamar ƙwandala. In ya mutu, babban batirin ma ya gaji, duk sanda aka ɗauke wuta sai kwamfuta ta manta ranar da take. Aljanin ke nan. Muka gyara kwanan wata, komai ya sauko kamar an buɗe famfo, washegari mai gyara ya canza batirin da kuɗin da bai kai na datar da na ƙona ba. Ni da ke yi wa yara faɗan rashin karatu, kwana biyu ina kallon rubutun nan ban karanta ba, don na yanke hukunci tun kafin in saurari shaida.

Kada kuma ku zaci in manhaja ta tashi a kwamfutarka an gama. A wannan sana'a, daga Bangalor har Kaliforniya, babu maganar da aka fi yi wa dariya kamar "ai a tawa tana aiki". Na faɗe ta, da babbar riga a jikina, a gaban wani Alhaji mai kantin magani. Na kai masa manhajar lissafin kaya, na danna, ta ce injin .NET da za ta hau babu shi a nan. Na manta tawa kwamfutar cike take da kayan aiki, tasa kuwa fayau. Akwai hanyar fitar da manhaja da injinta a ƙunshe, ta yi nauyi amma ta je ko'ina da guzurinta, ni ban bi ta ba. Da na gyara wannan, sai ta shiga neman rumbun bayanai da sunan kwamfutar da na baro a shago. Alhaji ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ko a kawo maka ruwa?"

Wannan kuskure ne na kowa da kowa. Waɗanda suka biyo baya su ne namu na gida, kuma masu cewa "ai Turawa sun gama komai, me za ku ƙara" su matso kusa.

Mako bai cika ba Alhaji ya kira. Manhaja na karɓar Musa, tana karɓar Hauwa, amma da an rubuta Sa'adatu sai ta faɗi. Rabi'u ma haka, Asma'u haka, Shu'aibu haka. Yaron kantin ya yanke cewa tana da ƙabilanci. A yaren SQL da ake magana da rumbun bayanai, 'yar alamar nan ta sama ita ke buɗe zance ta rufe shi. Ni kuma na ɗinke sunan kai tsaye a jikin umarni, don haka da an zo "Sa" sai rumbun ya ɗauka an rufe zance, "adatu" kuma ya zama surutun da bai gane ba. Bidiyon da na koya da shi da John da Mary aka yi misali. Gyaran shi ne a miƙa sunan daban, kamar wasiƙa a ambulan, kada a cakuɗa shi da umarni. Ƙofar nan da Sa'adatu ta yi tuntuɓe a kai kuwa, ita ɓarayin intanet ke bi su kwashe rumbu ɗungurungum, don haka baiwar Allah taimakona ta yi.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Aka buga rasit, maganin ƙaiƙayi ya fito "?ai?ayi", mutumin Haɗeja ya koma na "Ha?eja", alamar naira ma ta zama tambaya, kamar rasit ɗin ne ke mamakin farashi. Tsohon tsarin haruffan da ake gada in ba a zaɓi wani ba na Yammacin Turai ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a ciki. Unicode ya tanadar musu gurbi tuntuni, kuma UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, na ɗaukar su ba gardama. Amma sai ka nema: a SQL Server ka zaɓi nvarchar maimakon varchar, a Python in za ka buɗe fayil ka ambaci UTF-8 da bakinka. Ba wanda zai taso daga Amurka ya tuna maka, don shi bai taɓa rasa harafin sunansa ba.

Na ƙarshen ne ya kusa raba ni da Alhaji. Ranar 1 ga Maris na ƙara wa manhajar shafin cinikin kullum. Kwana goma sha biyu lafiya lau, har ya fara yi mini talla a majalisa. Ranar 13 da safe ta ƙi karɓar ciniki ko ɗaya. Ya ce dama an gaya masa akwai masu baƙin ciki da kantin. Ni kuwa, da na riga na sha duka a hannun agogo, na ce a karanta mini rubutun a waya, harafi-harafi. Kwanan wata ne ba ta gane ba. Na rubuta mata rana kafin wata, yadda muke yi, kwamfutarsa kuma an bar ta a saitin Amurka, inda wata ke gaba. Daga 1 zuwa 12 tana karɓa tana juyawa a ɓoye, ranar 13 ta nemi wata na goma sha uku ta rasa. Faɗuwar ma alheri ce. Kwanakin da ta yi shiru su ne abin tsoro: cinikin 1 ga Maris ya tafi Janairu, na 2 ga wata ya tafi Fabrairu, na 12 yana can Disamba yana jiranmu. Muka kwana muna tsince su. Tun daga nan ƙaramin kanti SQLite nake sa masa, rumbun da duka fayil ɗaya ne, kuma ba na kai wa kowa aiki sai na gwada shi a wata tsohuwar kwamfuta fayau da na ajiye musamman, da sunan Sa'adatu 'yar Haɗeja, mai sayen maganin ƙaiƙayi ranar 13 ga wata.

Na ji wani daga baya yana cewa yanzu ChatGPT ake tambaya, an huta da irinku. A tambaya mana, ni ma ina tambaya. Amma na leƙa wayar wani na ga abin da ya rubuta: "kwamfutata ta ƙi yi, me zan yi?" Ya samu amsa mai tsawon huɗubar Idi, babu abin da ya shafe shi a ciki. Ko mutum ko inji, wanda za ka tambaya yana buƙatar saƙon kuskuren yadda ya fito, da sunan abin da ka girka da lambarsa, da abin da ka taɓa na ƙarshe. Wannan na ƙarshen ne ba a samu. "Ban taɓa komai ba, Malam." Ba a taɓa taɓa komai ba a garin nan.

Taubashin nawa kuwa, watan jiya sai ga shi bayan la'asar. Ya faka mota nesa da shago, ya shigo da laftof a ɓoye cikin babbar riga, 'yarsa na biye, wadda ke karatun kwamfuta a nan Dutse. Wai za ta haɗa masa manhajar lissafin buhunan riɗin da yake saye a Maigatari da bashin da ke kan manoma, ya ba ta laftof ɗinsa ta yi aikin a kai. Ya dire ta a tebur. Na ce, "Lafiya, Bamange?" Ya kalli ƙofa, ya rage murya.

"Ya ƙi yi."

"Me ya ce?"

"Wani rubutu ne dai ya fito..."

"Ka danna OK."

Yarinyar ta ce, "Baffa, ni na karanta, tun a gida na gaya wa Baba. Cewa ya yi babu wuri a faifan, saura giga biyu."

Muka buɗe mu ga abin da ya cinye wurin. Folda ce guda, an sa mata suna "Takardun Kasuwa". Babu takarda ko ɗaya a ciki. Damben gargajiya ne turmi-turmi na shekaru, da fassarar fina-finan Indiya sun fi ɗari. Ya ce yaran shago ne suka zuba. 'Yar ta ɗaga kai tana kallon silin. Na ce to a goge, tunda na yara ne. Ya dafe linzamin da hannu biyu ya ce a dakata, a nemo filashi tukuna, kada a zalunci yaran.

A wajena ya sayi filashin, kuma ban rage masa ko sisi ba. Da zai fita ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa a Gumel ba, na kuwa yi, har da dafa ƙirji. Ku na Dutse da Kiyawa da Jahun ba kwa cikin alkawarin.